Galahanga: shekarun da ake ɓatawa wajen neman mai laifi

A yawancin gidajenmu, idan yaro ya shekara biyu bai fara haɗa magana ba, hukuncin farko daga bakin kaka yake fitowa: "Ki ƙyale shi, nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya shekara huɗu." Wani lokacin gaskiyarta ne, yaron yakan buɗe baki a kan lokacinsa. Idan kuwa ya shekara uku shiru, sai a kira wanzami ya duba linzami. In an yanke ba ta sauya zani ba, a koma rubutu da hayaƙi. Daga nan raɗe-raɗi ya fara: shafar aljanu ce, ɗan ruwa ne aka musanya, kambun baka ne, ko kuwa a fara yi wa kishiya kallon hadarin kaji. Kafin a taka ƙofar asibiti yaro ya kai shida ko bakwai, an kai shi makaranta an koro shi, uwar kuma ta sha maganganun da suka ishe ta.

Duk wannan zagayen amsar tambaya ɗaya ake nema, wato wa ya jawo. A ganina ita ce tambayar da ta fi cutar da waɗannan yara, domin tana cinye shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar koyo. Tambayar da za ta amfani yaron ita ce me yake ƙoƙarin faɗa, kuma ta wace hanya za mu ba shi damar faɗarsa. Yawancin amsar ma ba a asibiti take ba, a tsakar gida take.

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ba cuta ba ce da ake ɗauka, ba kuma hauka ba ce. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga ciki, mutum kuma yana tare da shi har tsufansa. A wuri biyu take bayyana. Na ɗaya mu'amala da isar da saƙo: magana, ishara, fahimtar fuskar mutane, wasa da tsara. Na biyu maimaita abu ɗaya da riƙo da sabo: jera murafen kwalba a layi, kaɗa hannu, jujjuya tayar keke na tsawon lokaci, tayar da hankali idan an sauya hanyar zuwa makaranta, da kuma jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da kima, ko ƙasa da kima. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ta. Likita yana gane ta ne ta hanyar kallon yaro da sauraron tarihin girmansa daga bakin wanda ya raine shi.

Abin da ke rikita iyaye shi ne ba ka samun yara biyu iri ɗaya. Wani ba zai taɓa yin magana da baki ba, wani kuma zai cika ka da surutu a kan nau'o'in motoci amma ba zai gane ka gaji ba. Wani yana da taɓuwar fahimta a tare, wani shi ke zuwa na ɗaya a lissafi. Wannan ne ya sa a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗe rabe-raben da ake da su a da ƙarƙashin suna ɗaya, ta koma auna yaro da yawan tallafin da yake buƙata, mataki uku. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 a duniya. A Amurka, inda ake bincike sosai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga 1 cikin 150 a 2000, sai ga shi 1 cikin 36 a 2020. Kaso mai yawa na wannan hauhawa daga faɗaɗa ma'ana ne da ƙaruwar dubawa. Yaran suna nan tun da can, sunayensu ne daban: dolo, gaula, miskili, wanda ba ya jin magana. Maza sun ninka mata kusan sau uku zuwa huɗu a cikin waɗanda aka gano, ko da yake mata sun fi iya ɓoye nasu ta hanyar kwaikwayon ƙawaye.

Rashin magana shi ne abin da ke tayar wa iyaye hankali, amma ba shi ne alamar farko ba. Kafin yaro ya yi magana da baki, yana yi da yatsa da ido. Ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni idan ya ga jirgi a sama zai nuna da yatsa, sannan ya waiwayo ya dubi uwarsa don ya ga ko ita ma ta gani. Wannan waiwayen shi ne abin lura. Yaro mai galahanga sau da yawa ba ya yin sa. In yana son ruwa sai ya kama hannunki ya ja ki har bakin randa ya ɗora hannun a kan murfi, ba tare da ya dubi fuskarki ba. A kira sunansa sau biyar bai juyo ba, amma da an buɗe ledar biskit a ɗaki na gaba ya taso. Likitocin yara suna cewa a nemi dubawa idan yaro ya kai wata 12 ba ya gwaranci ko ɗaga hannu, ko wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko wata 24 ba ya haɗa kalma biyu da kansa, ko kuma a kowane lokaci ya rasa abin da ya riga ya iya. Akwai takardar tambayoyi mai suna M-CHAT da ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30, ba ta ɗaukar minti goma. Kafin komai dai a gwada jin yaron, domin kurumta ma tana hana magana, kuma sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne sun kurumtar da yara da yawa a ƙasar nan.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Tarbiyyarmu tana yaba wa wasu halaye da suke kama da alamomin. Jaririn da za a ajiye a tabarma ya wuni bai nemi kowa ba, mai haƙuri muke ce masa. Yaron da ba ya haɗa ido da manya, mun ce yana da kunya. Uwar da ke kawaicin ɗan fari ba ta kiran sunansa ba ta yi masa wasa a gaban mutane, don haka ba lallai ta lura da wuri cewa ba ya amsawa ba. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne hadda. Da yawa daga cikin yaran nan suna maimaita abin da suka ji daidai-wa-daida, har da muryar mai faɗa. Za ka ga yaro yana kawo surori daga Nasi zuwa sama ba gargada, ko tallan rediyo daga farko har ƙarshe, sai uba ya ce ai ga shi yana magana. Amma a tambaye shi "Kana son shayi?" sai ya amsa da "Kana son shayi?" Haddar baiwa ce, a riƙe ta a gina a kanta, sai dai ba ita ce magana ba muddin bai iya cewa yana jin ƙishirwa ba.

Ɗora wa uwa laifi ba mu kaɗai muka yi shi ba. Leo Kanner, likitan da ya fara bayyana larurar a 1943 bayan nazarin yara 11 a Baltimore ta Amurka, ya yi tsokaci a kan sanyin halin iyayensu. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Bruno Bettelheim, ya ɗauki zancen ya yaɗa shi, har aka shafe shekaru ana gaya wa iyaye mata cewa rashin ƙaunarsu ne ya sa 'ya'yansu suka janye daga duniya. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka wallafa a 1977 ne ya fara rushe wannan zalunci, da ya nuna tagwaye masu kama ɗaya sun fi marasa kama haɗuwa a larurar nesa ba kusa ba. A 2019 wani nazari da ya haɗa mutum sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa gado ne ke da kusan kashi 80 cikin 100 na sanadin. Gadon kuwa ta ɓangaren uba yake zuwa kamar yadda yake zuwa ta ɓangaren uwa, don haka dangin miji da ke cewa "mu a zuri'armu babu wannan" su ji da kyau. Ragowar abubuwan da ke ƙara yiwuwar su ne haihuwar bakwaini, wahalar haihuwa da ta hana jariri numfashi, yawan shekarun uba ko uwa, da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate a lokacin goyon ciki. Idan an samu yaro ɗaya a gida, yiwuwar ƙaninsa ya zo da ita ta kai kusan 1 cikin 5, saboda haka a sa wa ƙannen ido tun suna goye.

Maganar cewa allurar rigakafi ce ke jawo galahanga kuwa daga wani likitan Ingila ta samo asali, Andrew Wakefield, wanda a 1998 ya wallafa rahoto a kan yara 12 kacal a mujallar Lancet. An gano maguɗi a aikin, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa. A 2019 masu bincike a Denmak suka bi diddigin yara sama da 650,000 ba su ga wata alaƙa ba. Mu da muka ga abin da ƙauracewa rigakafin shan-inna na 2003 ya jawo, muka kuma san yadda ƙyanda ke ɗibar yara da bazara, bai kamata mu sayi wannan tsohuwar ƙarya daga bidiyon WhatsApp ba.

Na fahimci dalilin da ya sa zancen iska ke shiga zuciyar iyaye. Wasu yaran suna farawa lafiya, suna cewa "Mama" da "Baba", sai tsakanin wata 18 zuwa 24 kalmomin su ɓace. Ga dariya ba dalili, ga tashin dare, ga farfaɗiya wadda ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran yara. Wanda bai taɓa jin bayanin ba dole ya nemi fassara a inda ya sani. Ba wanda zai hana uwa tofa wa ɗanta addu'a, addu'a da asibiti ba sa karo. Abin ƙi shi ne a danne yaro ana dukansa da sunan aljani ake duka, ko a turara masa hayaƙi mai shaƙe numfashi, ko a bar farfaɗiyar da ke da magani a asibiti tana kayar da shi kusa da murhu.

A ɗauki gidan biki. An sa wa yaro sabuwar shadda mai sitati tana cizon wuyansa, an shiga da shi tsakar gida cike da mata, lasifika na tashi, guɗa na tashi, turaren wuta ya cika ko'ina, gwaggo ta sure shi ta sumbata, wata ta karɓe. Ya toshe kunne, ba a kula ba. Ya fara kaɗa jiki gaba da baya, aka ce ya daina. Can sai ya zube ƙasa yana ihu yana buga kai. Nan take za a ji wata ta ce, "Maman Abba, wallahi ke kika sangarta yaron nan, bulala yake so." Abin da ya faru ba rigima ba ce. Mai rigima yana da abin da yake nema, yana kuma satar kallo ya ga ko ana kula shi, da an ba shi ya yi shiru. Wannan kuwa kunnensa da fatarsa da hancinsa ne suka ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu, kamar randar da ta cika ana ta ƙara mata ruwa. Toshe kunnen da ya yi tun farko magana ce, "ku fitar da ni" yake cewa. Abin yi shi ne a ɗauke shi zuwa wuri mai shiru, a rage magana, a kare kansa daga buguwa, a jira. Bulala ba ta koya masa komai sai tsoron mai riƙe da ita.

Da zarar iyaye sun fara karanta hali a matsayin saƙo, rabin wahalar gida ta ragu. Yana da kyau uwa ta sami ƙaramin littafi ta riƙa rubuta abin da ya faru gab da kowane tashin hankali da abin da ya biyo baya. Cikin mako biyu za a ga zaren: injin markaɗe ne, ko yunwar kafin azahar, ko ɗauke wuta ba zato. Wani lokacin kuma ciwo ne da ba zai iya faɗa ba, haƙori ko kunne ko taurin bayan gida, wanda yake yawan damunsu.

Ƙwararru a ƙasar nan ba su da yawa. Akwai sashen yara da na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma ya kamata a je don tabbatar da abin da ake ciki. Sai dai mai koyar da magana, in ma an same shi, awa ɗaya zai ba yaro a mako. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne hanyar da bincike ya nuna tana aiki ta hannun iyaye take bi. A Ingila an gwada wani shiri mai suna PACT a kan yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4: ana ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaro, sai a zauna da su a nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo suka wuce ba su gani ba. Da aka sake duba yaran bayan kusan shekara shida, sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna amfanin bai gushe ba. An kuma gwada irinsa a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan ta hannun ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu raino da aka gwada a ƙasashe irin su Habasha da Kenya. Ban ga abin da zai hana a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na unguwanninmu wannan ba.

A aikace ga yadda abin yake. Yaro ya ja ki zuwa randa. Maimakon ki miƙa masa ruwan kina kallon tukunya, sai ki durƙusa fuskarki ta zo daidai tasa, ki riƙe kofin kusa da bakinki, ki ce "ruwa", ki yi shiru ki ƙirga biyar a zuci. Duk abin da ya yi, ko kallo ne, ko miƙa hannu, ko "wa", nan take ki ba shi ki sake cewa "ruwa". Kalma ɗaya, ba jimla ba. Kada a mayar da abin azaba, ba a hana yaro ruwa don bai faɗa ba. Shirun nan na daƙiƙa biyar shi ne ya fi wuya, domin mun saba cika wa yara baki. Haka za a yi da takalmi, da ƙofa, da ƙosai, sau da yawa a wuni. In yana jera duwatsu kada a watsar, a zauna gefensa a jera tare, daga nan ake samun ƙofar shiga. Wanda bakin bai buɗe ba a ɗauki hotunan kofinsa da kwanonsa da bayan gida a waya, a wanke su a liƙa a bango ya riƙa nunawa. Hoto da ishara ba sa hana magana fitowa, sau da yawa ma su ke jawo ta. Ita kanta wayar ba ta haddasa galahanga, amma miƙa masa ita ya wuni a kai yana cinye lokacin da zai yi da mutane.

Yaran nan suna samun natsuwa idan sun san abin da zai biyo baya, mu kuwa wuninmu a tsare yake da lokutan salla. Wanka bayan asuba, abinci bayan azahar, kwanciya bayan isha'i, kullum haka, kuma a sanar da shi kafin a sauya. Gidan yawa ma ni'ima ne in an fahimtar da mutanen gidan: kaka, yayye, matan 'yan'uwa, kowa ya san kalmar da ake koyarwa a wannan makon. Zaɓen abinci kuwa, kamar yaron da ba ya cin komai sai farar shinkafa, a riƙa ajiye ɗan lomar sabon abu a gefen kwano ba tare da ɗura ba, ko da zai ɗauki makonni kafin ya taɓa.

Babu maganin da ke warkar da galahanga, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinka yake so. Likita na iya ba da wani magani mai suna risperidone idan yaro yana yi wa kansa ko wasu rauni, da sa ido, domin yana sa ƙiba da kasala. Farfaɗiya da rashin barci su ma ana taimaka musu. Amma masu tallan wankin jini da ruwan da ke fitar da guba a guje su. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 da aka kai Amurka daga Ingila ya rasu ana tsakiyar yi masa irin wannan wankin ƙarfe daga jini.

Hatsarin da ya fi kusa da mu shi ne fita. Da yawansu suna sulalewa daga gida ba tare da tsoron mota ba, kuma ruwa yana jan su. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a ɗaga sakatar ƙofa sama, a yi hattara da kududdufi da damina. A sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi da masu babur na unguwa, a ɗinka lambar waya a cikin rigarsa. Ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki don gudun surutu shi ke sa ranar da ya fita babu wanda ya san shi. Ɗaure shi da mari kuwa, ko miƙa shi gidan horo, abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, ya isa izina. Haka tura shi almajiranci wani gari: yaron da ba zai iya faɗar sunan garinsu ba, ba zai iya faɗar abin da aka yi masa ba.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba. Tsakanin takarda da ajin da ke da yara sama da ɗari akwai tafiya mai nisa, amma uba na iya zama da shugaban makaranta ya nemi abubuwan da ba sa cin kuɗi: a zaunar da yaron gaba nesa da taga, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a bar shi ya fita ya huta idan hayaniya ta yi yawa, a cire shi daga bulala, a haɗa shi da ɗalibi mai hankali da zai kare shi daga tsokana. Na ce uba da gangan. A gidaje da yawa an bar wa uwa komai, ita ce ba ta barci, ita ce ta daina zuwa suna da biki, wani lokacin ma a ƙara mata da kishiya ko takarda. Maigidan da zai ɗauki yaron awa biyu da yamma, ya kuma tsaya a gaban mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, "Hajiya, likita ya ce ba laifinta ba ne," ya yi abin da babu ƙwararren da zai yi.

Ana yawan kawo misalin Temple Grandin, Ba'amurkiyar da ba ta yi magana ba sai bayan shekara uku, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a jihar Kolorado. Labarin gaskiya ne, sai dai kada ya zama sabon kaya a kan yaro. Yawancinsu ba za su zama farfesoshi ba, wasu ma za su buƙaci mai kula har ƙarshen rayuwa. Wanda ya iya kai kansa bayan gida, ya sa rigarsa, ya nuna inda ke masa ciwo, an yi babban aiki. Son tsari da maimaici da ake gani kamar matsala yana iya zama jari a kiwo, ɗinkin hula, saƙa, jera kaya a shago ko gyaran waya, in an fara koyarwa tun kafin balaga.

Balagar ma a shirya mata da wuri, musamman ga 'ya mace: yadda za ta kula da kanta lokacin al'ada, wuraren jikinta da ba mai taɓawa, da mutanen da aka yarda ta keɓe da su. Aurar da ita don a huta, ko da tunanin aure zai warkar, jefa ta ne inda ba za ta iya kai ƙara ba. Sannan iyaye su zauna da 'yan'uwa tun suna da rai da lafiya a fayyace wanda zai riƙe yaron bayansu, da wanda zai kula da rabonsa na gado, a rubuta a gaban shaidu.